Bos Mai Cin Abinci Shi Kaɗai

Shekarar da aka kawo ni unguwar Fezzan, a babban birnin Borno, ina amarya, ni da surukata muke wuni a gida. Maigidana dillalin shanu ne, da sassafe yake fita, sai yamma lis. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, a daji ta yi ƙuruciyarta tana bin garke, tsufa ne ya zaunar da ita a birni. Hausarta gauraye take da Larabcin Shuwa, ni kuma kunyarta nake ji, sai mu wuni hirarmu ba ta wuce gaisuwa da "ga abinci" ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da Malama, wata Kirista 'yar kudancin Borno da ke koyarwa a firamare. Ita ke da babban talabijin. In an kawo wuta bayan ta taso daga makaranta, sai mu ji muryarta ta saman katanga: "Wushe, sannu Inna! Amarya, ku zo, an kawo!"

Bazara ce, zafi kamar a cikin tanda. A falon Malama labule a sauke yake, fanka na juyawa a hankali, ƙamshin turaren wutan da ke jikin lafayar Inna ya cika ɗakin. Finafinan Indiya masu fassara muke kallo. Nakan jingina da bango, ba barci ba, ba farke ba, duwatsu masu ƙanƙara da korayen filaye suna wucewa ta gabana, har in ji kamar sanyinsu yana taɓa min ƙafa.

Ni da Malama bayan akta muke, wato jarumin. Inna kuwa ba ruwanta da shi. Idonta na kan bos, wani ƙato mai gashin baki da zobba a yatsu, wanda ya ƙwace gonakin talakawa ya ƙone musu gidaje. Rannan aka nuno akta uwarsa na ba shi abinci a baki, sannan aka nuno bos a ƙarshen wani dogon tebur, abinci jibge, yana ci shi kaɗai.

Inna ta taɓa ni. "'Yar nan, wannan mai gashin bakin, ina uwarsa?"

Na ce, "Inna, bos ba a nuna uwarsa."

"To daga ƙasa ya tsiro?"

Malama ta yi dariya har da tafi. "Inna, mugu ne fa! Jira ki ga abin da za a yi masa."

Ba mu gani ba. Daidai lokacin da akta ya rutsa shi a bakin wata gada, ruwa na gudu a ƙasa, sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Muka fito gindin darbejiyar tsakar gida, kowa da maficinta. Can Inna ta ce ita ta san ƙarshen, ta kuwa fara, idonta a rufe.

Wai bos ya faɗa ruwa, amma bai mutu ba. Ruwan ya yi ta tafiya da shi, ya wanke zobbansa ɗaya bayan ɗaya, har ya yar da shi a bakin tafki, cikin ciyawa. Makiyaya suka tsince shi, wata tsohuwa ta ɗura masa nono mai ɗumi. Aka ba shi wani maraƙi marar lafiya ya riƙa jinya. Maraƙi bai san bos ba, sai ya riƙa lasar masa gashin baki. Inna na magana ina ganin wurin: farin ruwa har ƙarshen ido, balbelu a bayan shanu, ƙaton mutum tsugune yana hura wuta a ƙarƙashin tukunya. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba.

Malama ta ce, "Mutanen da ya ƙone wa gidaje fa? Su kuma shi ke nan?"

Inna ta buɗe ido. Sai ta ce tana da wani wa, ɓarawon shanu ne, ba a ɓoye ba. Iyaye a ƙauyuka da sunansa suke tsorata yara. Amma shi ne ke ɗora ta a wuya su tsallake ruwa in damina ta cika kwari, shi ne ya yi mata 'yar tsana da laka. Wata rana ya fita, labarin mutuwarsa kawai aka kawo.

Malama ta ajiye mafici. "Mu ma an taɓa kore wa babana shanu. Da su yake noma. Shekarar nan ni da ƙannena muka bar makaranta muka shiga gona."

Na rasa inda zan sa idona. Ba wadda ta ba wata haƙuri. Iska ce kawai ta ɗan kaɗa, furannin darbejiya suka zubo mana a jiki.

Da wuta ta dawo bayan kwanaki, na ɗauka Malama ba za ta kira mu ba. Ta kira. Muka ƙarasa fim ɗin. Bos ya faɗo daga gadar ya mutu, talakawa suka koma gonakinsu ana kiɗa ana rawa, ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Inna ta gyara lafayarta ta ce a hankali, "Gwamma da suka samu gonakinsu." Sannan ta juya ga Malama.

"Shanun babanki, wane irin launi ne?"

Malama ta ce akwai wani jan bijimi mai farin goshi, ƙahonsa ɗaya ya karkace, da wata baƙar saniya da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai babarsu. Inna ta matso kusa. Tana son jin tsawon ƙahon, da yadda bijimin ke tafiya, da abin da ake kiransa da shi. Malama na tunowa tana faɗa, muryarta ta koma kamar ta yarinya.

Na tashi in je in ɗora tuwo. Har na hura wuta ina jiyo su ta saman katanga, sun kai kan wata maraƙa mai dabbare-dabbare da ta taɓa cinye wa Malama rigar makaranta a kan igiyar shanya.