Accar da Baba Ya Ɗiga da Tsinke

Babana mai zane ne. A Tudun Wada an fi saninsa da rubuta allunan shaguna da na coci, amma bayan rasuwar Mama sai ya daina karɓar aikin kowa. Ya shige ɗakin baya da wani babban farin yadi da gwangwanayen fenti, ya yi wata da watanni yana zana ta. Ya zana ta a ƙauyenmu, tsaye a kan falalen dutse, ta ɗaga ƙwarya sama tana shiƙar acca, iska tana kwashe ƙaiƙayi.

Duk wanda ya san acca ya san ƙwayarta ba ta fi ta yashi ba. Wani mai zanen da sai ya ja burushi sau ɗaya ya ce ga acca nan tana zuba, kowa ya yarda. Ban da Baba. Tsinken tsintsiya ya karya, ya riƙa tsomawa a fenti yana ɗigawa, ƙwaya ɗaya ɗigo ɗaya. Nakan leƙa in ce, "Baba, wannan ai sai ka kai tashin duniya ba ka gama ba." Sai ya ce, "Uwarki ba ta taɓa zubar da ko ƙwaya ɗaya ba, ni ne zan zubar mata?"

Da ya gama, wani ɗan cocinmu ya ba shi labarin wani baje kolin zane da ake yi a intanet. Mutum zai ɗora hoton aikinsa a shafinsu, jama'a daga ko'ina su gani. Baba bai taɓa roƙona komai ba a rayuwarsa, amma ran nan ya kira ni ya ce, "'Yata, ina so a ga uwarki." Ni kuwa a shagon buga takardu nake aiki a Daɗin Kowa, kullum ina gaban kwamfuta, don haka aikin a kaina ya faɗo.

Na aro kyamara mai kyau, muka fito da zanen tsakar gida da hantsi, na ɗauka. Hoton ya fito tas. Na tafi shago na ɗora shi ina ta jin kaina.

Shafin nan yana da wata ɗabi'a. Ba ya nuna maka babban hoto kai tsaye. Sai ya jera ƙananan hotuna, kowanne bai fi kwalin ashana ba, wanda ya burge ka shi za ka danna ya buɗe. Don kada shafin ya yi nauyi, sai ya matse kowane hoto, ya watsar da duk abin da yake ganin ido ba zai lura da shi ba, launukan da ke kusa da juna ya dama su wuri ɗaya. Na san da haka, aikina ne. Amma ban taɓa jin zafinsa ba sai da na ga namu.

Accar ta ɓace. Duk ɗigon da Baba ya yi ya narke ya zama wani shafe-shafe ruwan ƙasa, kamar an kifar da kunu a jikin bango. Fuskar Mama ta dusashe, gefen ƙwaryar ya yi gaɓa-gaɓa. A tsakiyar tarin zane-zane masu ja da kore suna ta walƙiya, wa zai tsaya ya danna wannan? Haushi kamar ya kashe ni. Na sauke, na sake ɗorawa, na ƙara haske, na rage girma da kaina, duk a banza. Har oga ya leƙo ya ce in bi kwamfutarsa a hankali, ba ita ta kashe mini kowa ba.

Na hau keke na koma gida. Na tarar da Baba a bakin ƙofa yana shan ranar yamma da rigar sanyinsa. Na miƙa masa waya na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ga abin da suka yi mana."

Ya karɓa, ya kawo ta daf da hancinsa, ya ja ta baya, ya sake matso da ita. Sai ya ce, "To, mene ne laifinsa? Ai haka yake."

"Haba Baba! Ina accar? Ina fuskar Mama?"

Ya ce, "Ni dai haka nake ganinsa, tun kafin in gama. Ina kan zanen ƙwaryar idona ya fara yin yana, ganina ya dusashe. Accar nan duk ban gan ta ba."

Na zauna a ƙasa daɓas. Na ce to ta yaya? Ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya nuna mini kan yatsansa, fenti ya riga ya zauna a ciki. Ya ce idan ɗigo ya bushe yakan ɗan yi tudu. Sai ya lalubo shi da yatsa, ya sa na gaba a gefensa. Inda iska ta fi ƙarfi ya ba su tazara, inda suke sauka a tabarma ya matse su. Ya ce ai ya tsaya kusa da Mama tana shiƙa shekaru da yawa, hannunsa ya san inda kowace za ta faɗa. Ina cikin gidan nan, ina kai masa abinci ɗakin nan, ban sani ba.

Washegari na ce sai ya raka ni shago. A daren na tuna shafin yana barin mutum ya zaɓi ɓangaren da za a yi ƙaramin hoton da shi. Na yanko bakin ƙwaryar kawai, da yatsun Mama, da accar da ke zubowa. Yanzu ko ya matse, ƙwayoyin sun yi girman da ba zai iya haɗiye su ba. Suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan na buɗe babban hoton, na riƙa matso da shi har ɗigo ɗaya ya kai girman wake. Allah da iko! Babu ƙwayar da ta hau kan 'yar'uwarta. Na sama sun fi haske don rana ta buge su, na ƙasa sun ɗan yi duhu. Sai hawaye suka zubo mini. Baba yana zaune a benci a bayana, ya jingina da sandarsa, yana kallon wajen da haske yake fitowa.

Wata dattijuwa ta shigo buga takardun bikin jikarta. Ba ta san mu ba. Tana jira idonta ya kai kan jerin ƙananan hotunan, ta nuna namu da yatsa ta ce, "Kai, wannan ba acca ba ce? 'Yata, buɗe mini in gani."

Na danna. Mama ta cika allon.

Matar ta dafa ƙirji. "Wayyo! Wannan mata ta iya shiƙa. Dubi yadda ta ba iska gefe, ta ɗan karkata ƙwaryar. Haka uwata take yi. Wa ya zana wannan?"

Na juya in nuna shi, sai na ga ya riga ya miƙe tsaye, ya cire hularsa.

"Baiwar Allah," ya ce, "don Allah kada ki yi sauri. Ki faɗa mini duk abin da kike gani."