Madallar Inna

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, shi ya sa tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son magana da ni sai ta dubi bango ta ce, "A gaya ma wancan." Haka aka raine ta a Tarka, kuma da ta dawo hannuna a Tanut bayan rasuwar Baba, da kunyarta ta taho.

Da tansiyo ya kama ta, hawan jini ke nan, ni nake ɗaukar ta a moto, wato babur, duk wata in kai ta gidan likita. Kai, zaman bencin nan ya ishe ni! Mu zo da sanyin safiya, sai rana ta take a kira ta. In na miƙe zan bi ta ciki sai ta ɗaga hannu, ko waiwaye babu. Ina ita ina zama a yi zancen jikinta gaban ɗan fari? Sai in koma in zauna, ina gyangyaɗi.

Ƙofar ba ta rufuwa sosai, amma ƙarshen maganar kaɗai ke fitowa, lokacin da majo, babban ma'aikacin wurin, yake rako ta. Kullum tambayarsa ɗaya: "Inna, kin gamsu da bayanin?" Kullum amsarta ɗaya: "Madalla, Allah ya yi albarka." In mun fito ta miƙo takardar magani ta gefe, ta ce da iska, "An ce da sauƙi."

A gida kuwa tukunya ɗaya ce. Matata akwai hannun gishiri, ga magi, ga kanwa a miyar kuka, ni ma haka nake so. Inna ta cinye nata tas, ta sa albarka.

Wata safiya tana alwala buta ta kuɓuce mata. Kafin mu kai ta gidan likita, hannu da ƙafar dama sun saki, baki ya karkace.

Ranar na fara shiga ɗakin majo. Mutumin ya gaji, ni ma na gaji, amma bai raga mani ba.

"Malam, kai ne ɗanta? Tun zuwanta na farko nake cewa ta bar gishiri da kanwa, a yi mata miyarta dabam. Na ce ta shigo da kai in gaya maka. Ta ce to."

Raina ya ɓaci, wallahi, har na rasa da wa zan yi faɗa. Ƙanwata ce ta gaya mani sauran daga baya. Ashe Inna ta taɓa yi mata zancen, ta kuma hana ta faɗa. Wai ba za ta aika ma wancan da maganar cikinta ba, ba kuma za ta sa surukarta ɗora tukunya biyu ba, a ce ta raina girkin ƴar mutane.

Yanzu tukunya biyu ake ɗorawa. Miyar lami matata ke ba ta a baki da cokali, rabi na zubowa. Duk wata ni nake sungumar ta in shiga da ita har gaban majo, ba ta da hannun da za ta tsayar da ni. Ya yi bayaninsa, ni nake saurare. Da ya gama, saboda sabo, sai ya duƙo ya tambaye ta ko ta gamsu.

Ta kau da kai wajen bango don kada mu haɗa ido, ta ce da rabin bakin da ya rage mata, "Madalla."