Lirwanu Mai Lemo da Neman Yusufu

Kafin masu shayin tashar Gummi su hura wuta, Malam Lirwanu ya riga ya share wurinsa. Yakan yayyafa ruwa, ya jera lemo kashi-kashi a teburi, sannan ya zaro 'yar wuƙarsa da washi ya cinye rabinta. Shekara talatin da ɗaya yana fere lemo a nan. A ƙarshen watan nan zai bar teburin, gwiwa ta ce ta gaji, kuma bai kamata irinsa ya tashi shiru ba.

Direbobi sun shaide shi da abu guda: ba ya sayar da abin da bai ɗanɗana ba. In lemon ranar da tsami, zai gaya maka tun kafin ka sa hannu a aljihu, ko da kuwa za ka wuce teburin gaba. Amma abin da ya sa mutanen Gwashi ba za su manta da shi ba, bara ya faru.

Inna Kubura ta shekara arba'in tana biya wa matan Gwashi karatun Alƙur'ani. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, harshe ya yi nauyi, ta ƙi kunu, ta ƙi fura. Kalma ɗaya ke fita bakinta: Yusufu. Iyali suka shiga tattaro Yusufai. Aka kawo jikanta, aka kawo tela, har wani dattijo aka ɗauko a babur daga Bukkuyum. Kowa ta kalla sai ta juyar da kai bango. Aka fara raɗa cewa hankalin Inna ya tafi. Ɗalibanta suka rage zuwa, wai kada su ga malamarsu a wannan hali, ita kuma tana ta ramewa.

'Yarta Shafa'atu, mai aure a Gummi, ta tsaya sayen lemo wata safiya, ta ba Lirwanu labarin tana share hawaye. Ya ci gaba da fere lemo, sai can wuƙar ta tsaya. Ya tuna wani Basudane mai sayen zinari, Mukhtar, da ya taɓa nuna tanjirin a teburinsa ya kira shi Yusufi, ya ce haka Larabawa ke ce masa.

"Inna ta taɓa zuwa Makka?" in ji Lirwanu.

"Sau biyu."

"To, ina jin ba mutum ba na. Lemu na."

Ya ƙulle mata tanjirin ɗan Binuwai, mai koren ɓawo. Inna ta sansana, ta riƙe shi tsam a hannun da ke motsi, sannan ta girgiza kai ta tura shi gefe. An kusa, amma ba shi ba ne. Nan Shafa'atu ta tuna yadda Inna ke yawan zancen wani ɗan ƙaramin lemo da ta sha a Madina, ruwan goro, ba 'ya'ya a ciki, ɓawonsa da babban yatsa ake ɓarewa. Ta koma ta gaya wa Lirwanu.

Washegari aka ga teburin Lirwanu a rufe, abin da ko Sallah ba ta cika sa shi yi ba. Ya bi kantunan Gummi ɗaya bayan ɗaya, ana miƙo masa lemon kwalba da garin lemo na leda. A Anka wani mai kanti ya tambaye shi Yusufun wane gida yake cigiya. Mutumin da bai saba a yi masa dariya a kan sana'arsa ba ya shanye, ya hau motar Sakkwato, hanyar da kowa ya san halinta. A Sakkwato, a kanti na huɗu, ya sami lemon cikin firij, ɗan Masar, kowane ɗaya da 'yar takarda manne a jiki. Ya sayi guda ya ɓare a tsaye ya sha, sannan ya sa aka cika masa leda. Ya naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu, ya kai Gwashi da kansa.

Matan da ke ɗakin sun ce da ƙamshin ɓawon ya tashi Inna ta fashe da kuka. Ta sha ɓari uku, da yamma ta karɓi kunu. Bayan mako biyu da harshe ya ɗan saki, ta dubi 'ya'yanta ta ce, "Ni da hankalina. Lemu nika biɗa, kunka tara min maza a ɗaki."

Malam Lirwanu, kai ne ka saurari kalmar da gida guda ya ji ya kasa ganewa. Kai ne ka ƙi yarda a ce tsohuwa ta ruɗe tun ba a gama tambaya ba. Ba ka taɓa taka Makka ba, amma ka ajiye maganar baƙo a kai shekara da shekaru har ranar amfaninta ta zo. Gwanin wuƙa, mai kunnen basira, mun gode. Allah ya sauƙaƙa maka gwiwa, ya kai ka Madina ka sha naka a can.

Mu kuma da ke da tsofaffi a gida, in sun faɗi abin da ba mu gane ba, mu yi irin ta Lirwanu, mu ƙara tambaya kafin mu yanke musu hukunci. Yau Inna Kubura na jingine da filo a tsakar gidanta, matan Gwashi sun dawo da allunansu, in mace ta yi kuskure a aya tana gyara mata.