Sojan da Ke Tambayar Jibin Ubangiji

Wata biyu ke nan da Albert ya binne amininsa Yohanna, wanda ya mutu a bakin daga, shi ya sa idonsa ba ya iya wuce kaki. Yau a tashar mota ta Sabon Gari ga wani sabon soja zaune a kan jakarsa, an yi masa aski ƙwal, gemu ko tsirowa bai yi ba. Takalmin yana matsa masa, sai sassauta igiya yake. Albert yana zaton mawaƙin coci ne, don leɓensa na bin waƙar da wani tsoho mai wa'azi a tashar ke rerawa.

Ana gama addu'ar rufe wa'azi, sojan ya riƙo hannun rigar tsohon.

"Baba, daji za a kai mu. In na harbi mutum ya mutu, zan iya cin Jibin Ubangiji a coci kuwa?"

Tsohon yana ta jujjuya Littafi Mai Tsarki, bai buɗe ba. Direba sai danna hon yake.

"Ɗana, ka dai dawo tukuna."

Sojan ya jira ko akwai ƙari. Babu. Ya saɓa jaka ya shiga mota, ya bar Albert tsaye yana yi masa addu'a, ko sunansa bai sani ba.