La'asar a Tsakiyar Ruwan Gishiri

Shekarun baya da dama, tun gemuna bai san furfura ba, na yi wani aiki da har yau in na ba da labarinsa a majalisarmu ta Tasawa sai a riƙa yi mini kallon mai shara ƙarya. Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Mai Rairai, inda ruwan da muka sani bai wuce na rijiya da na tabkin da ke ƙafewa kafin a gama sussuka ba. Cin rani ne ya yi ta tura ni kudu, gari bayan gari, har na tsinci kaina a bakin teku, daidai inda wani babban kogi yake zuba ruwansa cikin na gishiri. Can na fara da wankin kwalekwale. Na koyi iyo bayan na haɗiyi gishirin da zai ishe ni miya har ƙarshen rayuwata, a ƙarshe na zama mai yi wa baƙi jagora.

Baƙin nan anasaru ne masu zuwa kamun kifi da fatsa don nishaɗi. Ni nake tsayawa a bayan kwalekwale da doguwar gora, ina tura shi a hankali cikin ruwa marar zurfi, ina duba musu inda kifi yake. Iri biyu suka fi so. Akwai wanda suke kira tarfan, fari fat mai sheƙi, ya kai tsawon mutum, in ƙugiya ta kama shi sai ya yi tsalle sama da kanmu. Akwai kuma rakan, mai haƙora jere-jere, wanda fiffiken bayansa ke tsaga ruwa in yana tafe. In baƙo ya gama fama ya jawo kifin, sai a ɗauki hoto, in cire ƙugiya, in sake shi ya tafi.

Wannan sakin ne ya kai labarina gida a karkace. Wani ɗan garinmu da ya biyo ta wurina ya koma ya ce ya same ni ina wasa da abinci don anasaru su yi dariya. Ni kuwa na daɗe ban leƙa gida ba, sai aike. Mahaifina ba mai dogon zance ba ne. Bayan an kai amfanin gona rumbu, a shekarar da gero bai yi ba, ya bi motar 'yan albasa ta Maraɗi da Gaya, ya yi kwana da kwanaki a hanya, sai ganinsa na yi da buzunsa a hammata.

Bayan ya huta ya ci abinci, ya ce, “Na taho in ga aikinka da idona. In aiki ne, to. In ba aiki ba ne, ka ɗaure kayanka mu tahi gida tare.”

Na san ba barazana yake yi ba. In ya ce in tashi, tashi zan yi, don ban taɓa tsallake maganarsa ba, kuma ba a bakin teku zan fara ba. Amma Allah ya sani ina son aikin nan. Shi ne abu na farko da na iya a duniya wanda ba gado na yi ba.

Na roƙi maigidana, mai kwalekwalen, ya bar tsohon ya bi mu, ya yarda. Baƙon ranar wani anasara ne mai yawan shekaru, marar hayaniya, ya ba Baba hannu, Baba ya karɓa yana kallon gefe. Da muka fita fili, ƙasa ta koma baya, Baba ya sa yatsa a ruwa ya ɗanɗana ya tofar.

“Wanga duka ba a sha?”

“Ba a sha, Baba.”

“Ba a ban ruwa da shi?”

“Ko kaɗan.”

Ya girgiza kai ya ce, “Ikon Allah. Mu muna can muna roƙon ɗigo.”

Bayan azahar anasaran ya kama tarfan, babba ƙwarai. Sau da yawa kifin ya tashi sama yana kaɗa kai, ruwa na watsuwa a kanmu, na saci kallon Baba na ga ya miƙe zaune, bakinsa yana motsi. A raina na ce to, yau na ci nasara. Da kifin ya gaji na shiga ruwan, iya cinyata, na rungumo shi, aka ɗauki hoto. Na cire ƙugiya, na riƙe shi ina kaɗa shi gaba da baya har ƙarfinsa ya dawo, na buɗe hannuwana.

“Ya kuɓuce maka?” in ji Baba.

“Sakinsa na yi, Baba. Haka dokar aikin take. In ana kashe su, baɗi ba wanda zai zo.”

Ya daɗe yana kallon inda kifin ya nutse. Sannan ya ce, a hankali, “Gidan ƙanena tun kahin in taho sau guda suke ɗora tukunya.”

Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa, kuma tasa ta fi tawa nauyi. Na koma kan gorata, na fara lissafin abin da zan gaya wa maigidana.

Da rana ta karkata muka biyo ta gefen wani tudun yashi, fari tas, shimfiɗe a tsakiyar ruwa. Irin wuraren nan teku ce ke janyewa ta bar su a fili, in lokacinta ya yi ta dawo ta rufe su. Baba ya ce in sauke shi ya yi la'asar.

Na ce, “Baba, mu yi a cikin jirgi. Ruwa ya fara dawowa, ba da jimawa ba nan duk zai nutse.”

Ya ɗaga kai ya dubi sama, gabas da yamma, kamar yadda yake yi a bakin gona. Sama fes take.

“Ina hadarin?”

“Ba hadari ba ne, Baba. Haka nan take yi kullum, ta tafi ta dawo.”

“Kai yaro, na girme ka da ganin ruwa. Ko gulbi ba shi tasowa sai an yi ruwan sama wani wuri. Kuma ba ni kai goshina cikin wanga abu da ake wulaƙanta abinci. Sauke ni.”

Na sauke shi. Na kafa gora na riƙe kwalekwalen a nan kusa, ina cewa a raina raka'a huɗu ce, yanzu zai gama. Shi kuwa ya taka har tsakiyar yashin, ya shimfiɗa buzu, ya dawo bakin ruwa ya zauna alwalarsa irin ta tsofaffi, wadda ba a yi mata gaggawa.

Anasaran da ya gaji da zama sai ya jefa fatsarsa, don dai kada hannu ya huta. Ko minti ba a yi ba igiya ta ɗau kuka. Rakan ne, ƙato, ya ɗauki ƙugiya ya yi cikin kogi da ita. Ƙarfin jan ya fizge kwalekwalen, gorar ta tumɓuke daga yashi, sai ga mu muna tafiya. Anasaran yana ihu in bi shi kada igiyar ta ƙare. Na bi, ina waige. Kifin ya ja mu ya zagaya da mu bayan wasu itatuwa masu tsayuwa cikin ruwa, tudun ya ɓace mini. Nan na dubi saiwoyin itatuwan, na ga ruwa ya haɗiye inda ɗazu yake a bushe.

Na zaro wuƙa na yanke igiyar. Anasaran ya juyo fuskarsa ja wur, ya buɗe baki, na nuna masa baya na ce da Faransancina na tasha, “Babana.” Sai ya ajiye sandar fatsar.

Ba a tada inji a wurin, farfela za ta ci yashi. Da gora na dawo, ina turawa ruwa yana turo ni, har fatar tafin hannuna ta saɓule ban ji ba. Da muka fito daga bayan itatuwan, babu tudu. Ruwa ne shimfiɗe ko'ina, sai mutum guda tsaye a ciki da farar riga, ruwan ya wuce gwiwarsa. Kuma tafiya yake yi. Ya nufi itatuwan da yake hangowa, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai ƙetare tabkin garinmu da damina. Bai san tsakaninsa da su akwai kwari mai zurfin da zai shanye mutum biyu a tsaye ba. Ga kuma ƙananan rakan sun biyo cikar ruwa suna farautar 'yan kifaye, ina ganin fikafikansu suna gilmawa ta bayansa.

Ban san ina da irin wannan murya ba sai ranar.

“Baba! Tsaya nan! Kada ka ƙara taku ko ɗaya!”

Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba. Ya juyo ya dube ni, bai motsa ba, ruwa yana jan rigarsa gefe guda, har na iso. Na miƙa wa anasaran gorar na dira. Na sa hannu na ɗauki mahaifina kamar yadda ake ɗaukar yaro. Abin da ya fi tsorata ni a ranar shi ne rashin nauyinsa. Ashe ba gidan ƙanensa kaɗai ake ɗora tukunya sau ɗaya ba.

Na zaunar da shi a cikin kwalekwale. Buzun ya tafi, takalmansa sun tafi. Jikinsa yana rawa, anasaran ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa masa, bai ƙi ba. Na tura mu zuwa inda ruwa ya lafa na ɗaure a jikin wata saiwa. Ni dai na riga na sallama, na ce wanda ya ga an saki abinci, sannan aka bar shi a tsakiyar ruwa, me ya rage ya gani.

Can Baba ya ce, “Ban samu na yi sallar ba. Ina kai goshi ruwa ya riga ni.”

Ya juyo ya dube ni.

“Kai ka yi la'asar?”

“Ban yi ba, Baba.”

Ya dubi ruwa hagu da dama, ba tudu, ba gari, ba wata alama da ya sani. Ya ce, “Nan wurin kai ka san gabas. Shiga gaba.”

Ku da kuke karanta wannan, sai kun san mahaifina za ku gane. Shi yake jan salla a masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni. Ban taɓa ganin ya bi wanda ya girma ba, balle ɗan cikinsa da ko izu biyar bai haɗa ba. Na ce, “Haba Baba.” Ya ce, “Rana tana tahiya.”

Na juya hancin kwalekwalen, na yi alwala da ruwan gishiri yana cin ciwon hannuna, na zauna a gaba. Ya matso ta damana, ɗan baya kaɗan. Anasaran ya cire hularsa ya koma can ƙarshe. Na yi kabbara, na ji muryar Baba ta bi tawa. Fatihar da na sani tun ina tsirara sai da na nemo ta da ƙyar, don hawaye nake yi, kuma ban so ya ji.

Bai ƙara tayar da zancen komawata ba. Ya yi 'yan kwanakinsa, na raka shi tasha da sababbin takalma da buhun busasshen kifi na kasuwa. Na yi ta jira ya ce aikina aiki ne. Bai faɗa ba, kuma na tabbata har ya koma ga Allah bai yarda a kama abinci a sake shi ba. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, “Ka riƙa kula da ruwan nan.” Shi ke nan.

Na ƙara shekaru a can kafin in dawo gida don kaina. A da ina jin ciwon cewa bai taɓa yaba mini da baki ba. Sai da na haifi nawa, suka fara zuwa mini da abubuwan da ban gane kansu ba, na san abin da tsohon nan ya haɗiye a ranar. Bai fahimci aikina ba, bai so shi ba, amma ya bar ni da shi, kuma ya gaya mini ta hanyar da ta fi kowace tsada a wurinsa.

Yanzu in liman bai zo ba wani lokaci akan tura ni gaba, don furfura. Nakan ja salla lafiya lau, sai la'asar. Ita kam nakan ce wani ya shiga, don har yau in na yi kabbararta a gaban mutane, muryarsa nake jira ta biyo ta damana.