Shafin Da Kawu Ya Karanta Da Yatsa

Kawuna shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran agogo, a wani shago da in na miƙe hannuwana sai in taɓa bangonsa biyu. Tebur ɗaya, kujera mai ƙafa uku da rabi, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai gwangwanayen madara cike da 'yan ƙusoshin da in ka yi atishawa kusa da su ka jawo wa kanka zagin mako guda. A gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Shi ya laƙaba mini suna Rediyo, wai ni kaɗai ne na'urar da ya rasa inda ake kashe ta.

Yana da doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa. In ya gyara agogo, ko kai wane ne, ba za ka tafi da shi ba sai ya kwana uku rataye a ƙusar bango, Kawu yana duba shi safe da yamma. In ya gamsu, sai ya buɗe murfin baya, ya ɗauki allura ya yi wata 'yar alama tasa kamar ƙafar tsuntsu, sannan ya sallame ka. Mutane sun yi fushi, sun yi magiya, wani har da cewa mota za ta bar shi.

"Ta bar ka," in ji Kawu. "Ni ban taɓa sallamar aikin da ban gani da idona ba."

Mai jiran gyara kuwa bakinsa ba ya zama shiru. Da yamma sai Kawu ya jawo littafin rubutu ya zuba abin da ya ji. Akwai ma'aikaciyar jinya da ta ce da agogon nan ta ƙirga bugun zuciyar rabin unguwa. Akwai dattijon da ya kawo agogon matarsa da ta rasu, ya ce a goge shi kawai, kada a tayar da shi. Da wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar agogo, Kawu ya zauna ya zaɓi labari tamanin, ya kwafe su tsaf a littattafai uku.

Sai ido ya fara.

Ni na kai shi asibiti. Likitan ya ja ni baranda, ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sawunsa, kuma ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne. Wata huɗu ko biyar zai iya karatu, daga nan sai dai haske da inuwa. Ƙasa-ƙasa ya yi maganar, amma mutumin da ke jin ciwon agogo daga bugunsa ai ba a yi masa raɗa. Muna shiga mota ya ce:

"Rediyo, ina so in ga littafin nan. Gani fa na ce, ba ji ba. Ji kam na gaji da shi, tunda da kai nake zaune."

Na ce an gama, Kawu. Na ɗauki littattafan uku na sa a jaka.

Tsallaken titi, daidai ƙofar shagon, akwai maɗaba'ar amininsa. Tawada ake ce masa, don tun da na san shi ban taɓa ganin asalin launin yatsunsa ba. Tsohon inji gare shi, irin wanda ake jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kullum safe gaisuwarsu ɗaya ce. Tawada ya leƙo ya ce, "Mai ɓata agogon mutane, ka tashi?" Kawu ya ce, "Na tashi, baƙin hannu. Yau sunan wa za ka rubuta ba daidai ba?" Shekara arba'in suna haka.

Tawada ya juya littattafan, ya lashi yatsa, ya karanta shafi biyu a tsaye.

"Wata biyu," ya ce. "Manyan haruffa zan sa masa. Kullum safe in tsallako da abin da na jera ya duba, in ya so ya zage ni. Bango dai ruwan ƙasa ne, na kwali. Shi nake da shi."

Da a nan na ajiye jakar, da yau ba ni da labarin da zan bayar.

Amma wani abokin aikina ya kwatanta mini wani kamfani da ke buga wa mutane littattafansu, a hawa na uku na wani gini mai gilasai. Na ce bari in leƙa kawai, ai kallo ba saye ba ne. Ina shiga sanyin ɗakin ya dake ni, ƙafata ta nutse a kafet. Manajar ta zaunar da ni, ta sa aka kawo lemo, ta buɗe mini wani kundi mai hotuna. Bango mai ƙyalli. Hoton marubuci a baya. Za a sa littafin a intanet, mutum yana can wata duniya ya saya. Sati shida kacal.

"Kai ne ka tattara aikin, ko Yallaɓai?"

Na ce to, kusan haka.

"Ai kuwa sunanka zai fito a bango, ƙasa da nasa. Edita."

Ni mai koyar da tuƙin mota ne. Iyakar inda sunana ya taɓa fitowa shi ne jikin ƙofar motar koyo, shi ma rana ta cinye rabinsa. Da na ji kalmar nan sai na ji wuyana ya ƙara tsawo. Ban tambaye ta girman haruffa ba. Ban ce ta nuna mini littafi ɗaya da suka gama a sati shida ba. A ɗakin jira akwai wani mutum zaune da fuskar wanda ya san kowace kujera a wurin. Da na fito ya ɗaga hannu kamar zai ce wani abu, na ce masa, "Malam, mu marubuta ba ma tsayawa hira," na yi dariya na wuce. Na bar musu littattafan Kawu a kan tebur.

Saura yadda zan faɗa masa, don na san ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai tsallake amininsa ba. Harshen nan nawa da ke ciyar da ni, shi ya samo hanya. Na ce wa Kawu Tawada ya ce injinsa ya tsufa, kuma aikin rasit ya yi masa yawa. Na tsallaka na ce wa Tawada Kawu ya ce aikin zamani yake so. Ƙarya biyu, titi ɗaya tsakaninsu.

Kawu ya ce, "Haka ya ce?" Tawada kuwa ya ci gaba da goge injinsa, ko kallona bai yi ba.

Washegari ba wanda ya leƙo ya zagi wani. Na lura, amma na ce wa kaina sati shida ne, littafi na fitowa zan haɗa su in mayar da abin wasa.

Sati shida ya wuce. Mai buga rubutun ta haihu. Mai zanen bango ya yi tafiya. Takarda tana hanya. Na koma hawa na uku har na san kowace kujera, wata rana ma kusa da mutumin nan na zauna, sai ya matsa mini wuri. Lemo kuwa tun zuwa na biyu aka daina.

Kawu bai daina buɗe shago ba, ko da ba aiki. Ya ƙirƙiro wa kansa awon ido: kullum safe sai ya zauna a ƙofa ya karanta allon maɗaba'ar Tawada. Layi uku ne a allon. Lambar waya a ƙasa, ƙanana. "Ana buga kati da rasit" a tsakiya. Sunan maɗaba'ar a sama, manya.

"Yau lambar wayar ta tafi," ya ce mini a wata na biyu, kamar mai ba da labarin maƙwabcin da ya tashi.

Maiɗakina ta ce, "Ka je ka karɓo littattafan nan ka kai wa Baba Tawada. Har yanzu da sauran lokaci."

Gaskiya ta faɗa, kuma na sani. Amma karɓowa na nufin in tsaya gaban tsofaffi biyu in ce ni na haɗa su. Ga shi na riga na gaya wa duk wanda ya taɓa zama a motar koyo cewa ni edita ne. Na ce mata, "Ke dai ba ki san harkar ɗab'i ba, sati mai zuwa ne." Ta dube ni ta ci gaba da ninke kaya.

A wata na huɗu layin tsakiya ya tafi. A na shida ya ce, "Akwai dai wani abu fari a wurin." Daga nan ya daina zama a ƙofa.

A wata na tara littafin ya iso, kwali huɗu. Ba zan yi musu ƙarya ba, ya yi kyau. Bango sumul, sai ƙyalli yake, haruffan ciki kuwa kamar an watsa tururuwa. Na yanke kwali na miƙa wa Kawu ɗaya. Ya kunna fitila, ya maƙala gilashin nan nasa na aiki a ido kamar yadda ya saba, ya kai littafin kusa, ya ja shi nesa, ya karkata shi. Ya daɗe. Sannan ya cire gilashin ya ajiye, ya shafa bangon da tafin hannu.

"Ina sunana?"

Na kama yatsansa na ɗora a wurin.

"Nan?"

"Nan, Kawu."

Ya shafa, ya sake shafawa. "Kamar fuskar agogo," ya ce. "Ba a jin komai."



Ya laluba ya ɗora littafin a kan kanta, ƙarƙashin ƙusar da yake rataye agogo. Na ce mutane suna jira, in fara rabawa? Ya ce a'a. Kwana uku suka wuce, na sake tambaya.

"Rediyo, ka taɓa ganin na sallami aikin da ban gani ba?"

Kwalayen nan suka zauna a shagon sati uku, ina zuwa ina tuntuɓe da su.

Ranar da na tsallaka titi, Tawada yana jera haruffa. Na tsaya na faɗa masa komai, ba wasa ko ɗaya a ciki, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Ya ajiye abin hannunsa.

"Ni na ɗauka shi ne ya raina ni," ya ce. "Wata shida ina ganin sa yana kallon allona, ina cewa ba'a yake mini." Ya goge hannu da tsumma. "Kai dai an yi babban banza. Miƙo mini wancan akwatin na ƙasa."

Manyan haruffa ne a ciki, irin na buga sanarwa. Ya jera sunan littafin da sunan Kawu. Ya ɗauko takarda mai kauri, ya ɗan jiƙa ta, ya ƙara matse injin fiye da ƙa'ida, ya danna da dukkan ƙarfinsa har haruffan suka nutse cikin takardar. Ya ɗauka ya tsallaka, ina biye da shi kamar wanda za a kai kotu.

"Mai ɓata agogon mutane, ka tashi?"

Kawu ya ɗago kai. Ya ce, "Baƙin hannu. Aikin rasit ɗin ya ƙare ne?"

"Karɓi nan, ka daina surutu."

Yatsun da suka shekara arba'in suna tsinto ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ba su sha wahala ba. Ya bi ramin haruffan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa yana motsi. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sannan ya ce a miƙo masa allura, ya laluba kusurwar takardar ya yi ƙafar tsuntsunsa.

A nan na durƙusa na maimaita masa abin da na faɗa wa Tawada. Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da gwangwani. Bai yi ba.

"A wata na biyu," ya ce, "ina iya karanta layin tsakiya."

Shi ke nan abin da ya ce, kuma har yau ban sami inda zan ajiye maganar ba.

Littafin dai bai gan shi ba, kuma ba zai gan shi ba. Abin da ya yanke shi ne, kullum safe kafin in tafi aiki in zauna in karanta masa shafi uku da ƙarfi, Tawada yana riƙe da littattafan rubutun hannu da na karɓo daga kamfanin yana bi layi-layi, don a cewar Kawu bakina ba abin da za a sake yarda da shi ba ne babu shaida. Sai mun kai ƙarshe zai ce a buɗe kwalaye ko kada a buɗe.

Ranar farko Tawada ya ɗauki littafin, ya gyara tabarau, ya ce bari a fara daga bango. Ya karanta sunan Kawu. Sai ya karanta layin da ke ƙasa, a hankali, yana jan kowane harafi.

Kawu ya juyo da fuskarsa wajen da nake. "Au," ya ce. "Ashe."

Yanzu muna shafi na sittin da biyu. Sun koma zagin junansu, har sun fi da. Ni kuwa in na shigo, Kawu yakan ji takuna tun daga bakin titi ya ce, "Ga Edita nan, a ba shi kujera." Ba da faɗa yake faɗa ba, da ladabi ma yake faɗa. Tun ranar bai sake ce mini Rediyo ba, ni kuma kullum sai na ɗan tsaya a ƙofa kafin in shiga, ko zai manta.