Ƙarar da Ta Hana Inna Kulu Shiga Mota

Har gobe ban manta da ranar da Altine Mai Shanu ya shigo garejin En'e na Sakkwato a ƙasa ba, yana tattare bakin rigarsa kada baƙin mai ya taɓa ta, alhali duk gari an san yana da mota. 'Yan shekaru ne kafin Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarshen bazara, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa.

Ku yaran gareji da kuka tarar da aikin nan a shimfiɗe, bari in gaya muku yadda muke. En'e ita ce hukumar gargajiya a ƙarƙashin Turawa, kuma garejinta yana da tsari. A ƙasa akwai lebura, sai direba, sai fita, wato mai kwance inji ya ɗaura, sai hediman, shugaban ma'aikata, sannan Baturen injiniya a sama. Ni fita ne. Manyan motocin ɗaukar kaya muke gyarawa, kuma ba a yarda fita ya taɓa motar waje ba sai da izinin Bature.

Shi Altine ɗan mahauta ne da Allah ya buɗa wa, ya koma fataucin shanu da fata. Wani Baturen kamfanin sayen fata da zai koma ƙasarsu ya sayar masa da motarsa: ja, ba rufi, doguwar hanci, kujera biyu tak, irin wadda Turawa ke tsere da ita. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar ɗan maraƙi. Mu a gareji mun sha yi masa dariya a bayan ido, ni ne ma kan gaba.

Bayan mun gaisa ya ce, "Garba, motag ga ta ɗauko wani kuka ta baya. In nit taka ta, ƙwal. In nis sake, ƙwal. Ni bai dame ni ba, amma Inna ta ce ba ta shiga."

Sai ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi mini bayani. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, tana da yaya guda da ta rage mata a duniya, can wani ƙauye tafiyar yini biyu a kan jaki. Gwiwa ta hana Inna Kulu hawa jaki, ita kuma yayar ido ya tafi, sun yi shekaru ba su gana ba. Yanzu yayar ta aiko cewa a zo kafin ruwa ya sauka, don ba ta jin za ta ga wata kakar. Hanyar kuwa ta fadama ce, ruwan farko mai ƙarfi yana rufe ta sai bayan damina. Altine ya ce don wannan tafiya ya sayi motar. Nan dariyata ta tsaya, na ji kunya ƙwarai.

Na kai maganar ga hediman, hediman ya shigar da ni wurin Bature. Baturen mutum ne mai ƙarancin magana, amma da ya ji wace mota ce sai ya ajiye tabarsa. Ya ce in je Asabar bayan an tashi aiki, in ɗauki jak da sifanu, ran Litinin kuma in zo in gaya masa abin da na samu, don shi ma ya daɗe yana sha'awar motar nan.

A gida aka yi aikin, a unguwar mahauta. Altine ya fasa katanga ya yi wa motar rumfa a jikin ɗakin da yake tara busasshiyar fata da kilishi. Abin da na fara yi shi ne abin da nake ce muku kullum: kada ka kwance komai sai ka ji ƙarar da kunnenka. Na tuƙa ta zuwa bayan gari. Inji lafiya lau, kamar ya yi magana. Amma da na taka totur sai ƙwal daga baya, a ƙarƙashin kujera, da na ɗaga ƙafa sai wani ƙwal, a guje kuma duk jikinta karkarwa yake.

Na dawo na ɗaga bayanta da jak, na tokare da kututturan giginya. Na girgiza tayoyi, ba wasa a cikinsu. Na duba sifirin, na ƙara ɗaure notinan da suka saki. Salansa tana ɗan lilo, na ɗaure ta da waya. Na sake fita gwaji ina murmushi, ina cewa na gama. Ƙwal ɗin nan tana nan daram.

Daga nan na fara zargin babban ƙarfe. In ba taya ba ce, ba sifirin ba ne, ba salansa ba ce, to saura aksul, wato tukunyar ƙarfen da ke raba gudu ga tayoyin baya. In haƙoran cikinta ne suka karye, babu irinsu a Sakkwato, babu a Kano. Sai an aika Ikko, jirgin ƙasa ya kawo, mota ta ƙaraso da su, kafin nan kuwa an yi shuka har an yi noman farko. Na kwana da abin a raina, ban gaya wa Altine ba.

Ran Lahadi da hantsi na shimfiɗa buhu na sake shiga ƙarƙashinta don in kwance aksul ɗin. Rana ta fara zafi, ni kuma ban karya ba. Ina kwance sai na ji ƙamshi kamar na bakin tukubar mai tsire. Na ɗauka daga cikin gida ne, har na ce a raina mutanen nan ba su da tausayi. Sai wani abu ya ɗigo mini a goshi. Na shafa, na sansana. Kitse ne.

Na bi ɗigon da hannu. A motocin wancan zamani, inda farfela, wato dogon sandan ƙarfen da ke kawo gudu daga inji, take haɗuwa da aksul, akwai wani faifai na fata mai ninki-ninki da aka ɗaure da notina. Shi yake shanye fizgar mota. Jiya na gan shi lulluɓe da maiƙo da ƙura, na ce giris ne, na wuce. Yau da na kankare sai ga shi an cinye rabinsa, ga sawun haƙora ƙanana a jere, notinan suna yawo a cikin ramukansu suna dukan ƙarfe. A kan aksul kuma kashin ɓera ne jibge.

Na fito ina dariya har da hawaye, don daɗi ya kama ni. Na ce, "Maigida, mi aka shahwa ma motag ga?"

Ya ce, "Kakide na. Gwangwanin man da Baturen kamfani ya bari ya ƙare, kuma ya ce kada a bari hwatag ga ta bushe. Na tozon bajimi nika sa a narke mata, ba na banza ba."

Kakide shi ne kitsen da aka narkar. Kuma ku lura, mutumin bai yi wauta ba. Duk mahauci ya san da kitse ake tausasa fata, da shi suke raya guga da igiya tun kakanninsu. Abin da ya manta shi ne ya ajiye fata mai kitse a maƙwabtan ɗakin kilishi. Ɓerayen gidan sun yi wata da watanni suna walima.

Na nuna masa faifan. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Yanzu wanga sai Ikko?"

Na ce, "Hwata ta hwa. Kai ka sai da ma Turawa ita."

Ya dube ni, sai shi ma ya fashe da dariya. Da kansa ya shiga ɗaki ya zaɓo kirgi, jemammiyar fatar bajimi, daga wajen gadon baya inda ta fi kauri. A wannan fanni ya fi ni sani nesa ba kusa ba, ban sa baki ba. Aka kira Modi baduku, maƙwabcinsa. Na ɗora tsohon faifan na zana masa, ya yanka, ya jera ninki a kan ninki, ya ɗinke da tsirkiya, muka huda ramukan noti daidai wa daida. Na wanke ƙarƙashin motar tas da kananzir, na ɗaura, na bi notinan ɗaya bayan ɗaya. Na kuma sa aka matsar da ita nesa da ɗakin kilishi.

Da la'asar na gwada. Na taka, shiru. Na sake, shiru. Na ba ta wuta a kan miƙaƙƙiyar hanya, ba karkarwa ko kaɗan.

Saura mai shari'a. Aka shimfiɗa wa Inna Kulu tabarma a ƙofar gida, 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Ta sa na wuce ta gabanta na dawo, na sake wucewa, ta karkata kai tana saurare. Can ta ce, "To, ta bar kuka. Ina shiga. Amma yaron ga shi ka ja na."

Altine ya ce, "Inna, motata ta hwa."

Ta ce, "Na san hannunka tun kana ɓarin hura. Kai biyo mu bisa doki."

Ran Litinin na kai wa Bature tsohon faifan. Ya duba sawun haƙoran, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ba ni hutun yini biyu. Talata da sassafe muka kama hanya, ni da Inna Kulu, mai mota yana bin mu a kan doki. Da farko ta ƙanƙame ƙofa da hannu biyu tana ta salati. Da muka fita gari iska ta buge ta, sai na ji ta taɓa ni. Ta ce, "Ɗan nan, iyakat tahiyatta ke nan?" Na ƙara mata. Ta riƙe mayafinta da haƙori tana dariya kamar yarinya, Altine kuwa tuni ya zama ɗigo a bayanmu.

Kafin azahar mun isa. Aka fito da yayar ana riƙe da hannunta. Ta lalubi fuskar Inna Kulu, ta shafa goshi, ta shafa kumatu, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce, "Kulu, kin tsuhwa."

Inna Kulu ta ce, "Ke kika jira ni in tsuhwa."

Suka rungume juna suna kuka suna dariya. Ni na koma bayan mota na yi kamar ina duba taya, don idona ya cika. Sai bayan la'asar Altine ya iso, doki ya jiƙe sharkaf, ya tarar har an ci tuwo. Washegari na dawo da motar, aka bar tsohuwa can ta yi damina da 'yar'uwarta. A daren da na dawo ruwa ya sauka, fadama ta rufe.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki, shi nake so ku ɗauka. Ku bi ƙara da kunne, da hannu, har da hanci, kafin ku zargi babban ƙarfe. Kada ku raina mai mota don ya yi kuskure, sau da yawa garin kula ne ya ɓata. Kuma tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini mota, kafin in ɗauki sifana sai na tambaye shi ina za shi da ita, wa kuma ke jiransa a can. Yayar Inna Kulu ta rasu kafin a yanke gero, kanta a kan cinyar ƙanwarta.